Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar NCC: A Kebbi Sabis Yana Cika, Kira Ba Ya Shiga

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, Dakta Aminu Maida, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da abokan aikinka. Ni mai gyaran waya ne a garin Jega da ke Jihar Kebbi. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wani ƙorafi da ya fi kowanne yawa a bakin teburina: waya tana nuna 4G, sandunan sabis a cike, amma a kira mutum ba a same shi ba, in ma an same shi ba a jin juna. Mai waya sai ya ɗauka wayarsa ce ta lalace, ya kawo gyara. Sau tari lafiyarta ƙalau. Na ga ya dace maganar ta bar rumfar gyara ta isa inda ake da ikon yin wani abu a kai.

Ba na cikin masu cewa gara zamanin da. Mun ga ranar 4G. Mai albasa a Aliero yana ɗaukar hoton buhunansa ya tura wa dillali a Legas ko Anacha tun mota ba ta tashi ba, kuma lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 tiransifa ce ta riƙe kasuwanninmu. Sai dai tun watan Agustan 2001 da wayar salula ta shigo ƙasar nan, abin da talaka ke sayen waya dominsa bai canza ba: ya kira, a ɗauka, a ji shi. A wannan aikin ne nake ganin ana tafiyar hawainiya, a wasu wuraren ma baya ake komawa, alhali duk tallace-tallace sun koma kan 5G.

Ku kun fi ni sanin yadda abin yake, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in warware wa sauran masu karatu. Da aka gina 2G da 3G, an yi musu hanyar murya ta musamman. Ita kuwa 4G tun asali data kaɗai aka yi ta ta ɗauka, haka ma 5G. To idan waya tana zaune a kan 4G aka kira ta, ɗayan biyu ne. Ko dai layin da wayar sun dace a kan abin nan da wasu ke gani an rubuta VoLTE a saman fuskar wayarsu, sai muryar ta bi ta cikin 4G ɗin. Ko kuma a umarci wayar ta sauka, ta nemo 3G ko 2G ta amsa kiran a can, in an gama ta sake hawa. Kowa na iya gwadawa. Ka kira wani, ka zuba wa saman wayarka ido. Idan 4G ta rikiɗe ta koma H ko E, wato alamar 3G ko 2G, to taka mai sauka ce. Yawancin waɗanda ke zuwa hannuna haka suke.

A wajen saukar nan ake asarar kira. Wayar tana bukatar 'yan daƙiƙoƙi kafin ta lalubo tsohuwar hanya, in kuwa ta tarar da ita a cunkushe ko babu ƙarfi a wurin, shi ke nan. Mai kira ya ji an ce lambar ba ta kusa, ko ya ji shiru har kiran ya mutu. Mai wayar kuma yana riƙe da ita, wataƙila ma bidiyo yake kallo a Facebook, ko motsi ba ta yi ba. Sai can an jima saƙo ya shigo cewa wane ya neme ka. Wannan ya haɗa mutane da yawa faɗa, ba da wasa nake ba. Je ka gamsar da matar da take ta kira ana ce mata a kashe kake, ga shi kuma tana ganin ka a kan WhatsApp. Haka tsakanin ubangida da yaron shagonsa, haka tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi.

Kwanaki wani dattijo mai sayar da shinkafa ya taso ɗansa a gaba har rumfata. Ya dangwarar da wayar yaron a kan tebur ya ce, "Ɗiyana, duba mani wayag ga. Yaron ga ya ce bai kashe ta, ni ko kullum nik kira sai a ce mani tana kashe. Cikinsu wa ka yi mani ƙarya?" Na karɓa na shiga saitinta. Ashe abokansa ne suka nuna masa yadda ake ɗaure waya a kan 4G zalla, don kada data ta riƙa faɗawa E tana rarrafe. Data kam ta yi gudu. Amma layinsa ba ya kira ta 4G a wannan wayar, ga shi an hana ta sauka, saboda haka babu ƙofar da kira zai shigo. Na mayar da ita yadda take, na ce, "Baba, kira shi yanzu." Ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila daga aljihun gaba, ya danna, wayar yaron ta ɗauki ƙara. Ya dubi ɗan, ya dubi wayar, ya ce, "To, Allah shi kyauta," sannan ya tambayi kuɗin gyara. Na ce ya bar shi. Yaron bai san ya toshe kira ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa da harshen da yake ji cewa data da kira ba hanyarsu ɗaya ba.

Maganin wannan sananne ne, wato kira ta kan 4G. Inda yake aiki murya ta fi fita tas, kira ya fi saurin shiga, data kuma ba ta tsayawa don ana magana. Mai POS da ya jona na'urarsa da datar wayarsa ya fi kowa sanin amfanin wannan, don shi ne kira ke shigo masa ana tsakiyar cire kuɗi komai ya tsaya. Cikas ɗin shi ne abin ba ya aiki sai kamfani ya buɗe shi a layi, ya kuma amince da samfurin wayar. Sai ka ga manyan wayoyi masu tsada ba su da matsala, amma na hannu da ake kawowa daga ƙetare da masu araha da suka cika kasuwanninmu, wata ta yi, wata ta ƙi, wata ta yi a layi guda ta ƙi a ɗayan. Hukumarku ce ke tantance kowane samfurin waya kafin a halatta sayar da shi a ƙasar nan. Ina roƙon a sa wannan cikin sharuɗɗa: duk wayar 4G da za a ba izini ta zama tana iya kira ta 4G a kan kowane layin Najeriya, kamfanoni kuma su buɗe wa kowa, ba zaɓe. A kuma manna shaidar haka a jikin kwali, yadda mai saye zai gani kafin ya ƙirga kuɗi.

Sai maganar nisa, wadda ita ta fi ci mana tuwo a ƙwarya a karkara. Duk wanda ya tashi da rediyo ya san tashar matsakaicin zango tana bin ka har ƙauyen ƙayau, ta FM kuwa kana yin nisa da gari za ta fara shaƙewa. Haka zangon waya yake. Mai ƙaramar lamba ya fi zuwa nesa, ya fi ratsa bango; mai babbar lamba ya fi ɗaukar kaya, amma kusa yake tsayawa. 2G tana kan megahaz 900 da 1800, 3G galibi a 2100. 4G ana iya ɗora ta a 700 ko 800, ana kuma iya ɗora ta a 1800 ko 2600. Ita kuwa 5G da kuka yi gwanjonta a Disambar 2021, wadda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu, a kan 3500 take. Ke nan alamar 4G ɗaya ce a fuskar waya, amma abin da ke bayanta ya bambanta. Wadda aka ɗora a 2600 za ta yi gudu a gindin ƙarfen sabis, ta sume kafin a kai ƙauye na gaba. Wadda ke 800 ba ta kai ta gudu ba, amma za ta sauka fadama, za ta shiga ɗaki.

Lokacin da MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, garuruwan da ya ambata su ne Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Ban ga laifinsa ba, mai kaya inda masu saye suka taru yake baje kolinsa. Amma jiha irin tamu, mai ƙananan hukumomi 21, ƙauyuka a warwatse tun daga Kangiwa har Dirin Daji, ba za a iya lulluɓe ta da 3500 ba; yawan ƙarafan da za a bukata ya fi ƙarfin lissafin kowane kamfani. Abin da zai fisshe mu shi ne ƙananan zangunan nan, 700 da 800 da 900. Ku kuke raba su, ku kuke rubuta sharuɗɗan lasisi. Wanda aka ba zangon da ke iya kaiwa karkara, a ɗora masa nauyin kai shi karkara, da sunayen garuruwa da wa'adi.

A wani ƙauye da nake da dangi a ƙasar Maiyama, akwai wata darbejiya a bayan masallaci da kowa ya san nan ne sabis yake. An kakkafa ƙusoshi a jikinta. Da safe magidanta sukan sa ƙananan wayoyinsu a leda su rataye, a ƙure musu ƙara, a wuce gona. Yaran da ke wasa a wurin su ne 'yan aike, wayar wane tana kuka, sai ɗaya ya ruga ya faɗa masa. In ka cire ta daga ƙusar ka yi taku kaɗan, kiran ya tafi, don haka a tsaye ake magana, an buɗe sifika, kowa yana ji. Cinikin rago, labarin rasuwa, bashin da ake bin ka, duk a bainar jama'a. A takarda, ƙauyen nan yana cikin masu sabis.

To matan fa? Matar aure da ke cikin gida ba za ta fito gindin darbejiya tsakiyar maza ta gaisa da mahaifiyarta ba. Ɗakinta ko dai katangar laka ce mai kauri, ko bulo da rufin kwano, kwano kuwa ba ya ga maciji da sabis. Sabis ɗin da ke tsayawa a ƙofar gida na maza ne kaɗai, su ma da rana. Naƙuda ba ta zaɓen lokaci, haka saran maciji. A yankunan Danko/Wasagu da Sakaba da Fakai, ko Augie da Arewa tun da Lakurawa suka ɓulla, ba kowa ne zai iya fita neman tudu da tsakar dare ba. Awon da aka yi a kan kwalta, daga cikin mota, da rana tsaka, ba zai taɓa ganin wannan ba.

Su kansu sandunan nan da jama'a ke dogaro da su ba abin dogaro ba ne. Babu ƙa'ida ɗaya a kansu, kowane mai ƙera waya shi ke yanke irin ƙarfin da zai nuna da sanda huɗu. Ka ajiye wayoyi biyu a tebur ɗaya da layin kamfani ɗaya, wannan ta nuna huɗu, waccan biyu. Mu a wajen gyara lambar da ke cikin saiti muke dubawa, wadda ake aunawa da dBm. A 4G in tana kusa da -80, lafiya lau. -100 ana lallaɓawa. In ta wuce -115 sai addu'a. Ita ma ba duka take faɗi ba. Tana nuna yadda waya ke jin ƙarfe ne, ba ta nuna yadda ƙarfe ke jin waya. Ƙarfe yana aikowa da wat gommai daga can sama, wayar 4G kuwa iyakar ƙarfinta kashi ɗaya cikin biyar na wat guda, daga cikin aljihu ko tafin hannu. Wannan ne asalin "Ina jin ka, kai ba ka ji na?" da ake yi kullum. Shi ne kuma ya sa batir ke saurin ƙarewa a ƙauye, waya ta ɗau zafi, don ƙoƙarin ɗaga murya take yi. Sai a zo mana a ce a canza batir, alhali batirin ba ruwansa, ga kuɗin caji da ake biya kullum a garin da babu wuta.

Ranar kasuwa kuma ba a magana. In ta cika a Jega ko Kamba ko Yauri, sanduna a cike, kira ba ya fita, tiransifa ta maƙale, an cire wa mai saye kuɗi mai sayarwa bai ga alat ba, a tsaya cirko-cirko ana rantse-rantse. Yawan mutanen da ƙarfe ɗaya zai ɗauka a lokaci guda yana da iyaka, kuma da alama da mutanen sauran kwana shida aka auna shi. Ranar kasuwa kuwa ba ta zuwa ba zato, tun kaka da kakanni an san ta.

Na san hukumarku tana auna ingancin kira, tana kuma da mizani: kason kiran da ya shiga, kason da ya katse, da cunkoson layi. Ban manta ba, a Mayun 2012 ta ci tarar manyan kamfanoni huɗu naira biliyan 1.17 saboda gaza cika mizanin, a 2014 kuma ta hana uku daga cikinsu sayar da sababbin layuka har tsawon wata guda. Ke nan bulala tana hannunku. Inda nake da ja shi ne abin da alƙaluman ke iya gani. Na'urar kamfani tana ƙirga kiran da ya iso wurinta ne. Mutumin da ya danna kira wayarsa ba ta kai ga ƙarfe ba, babu littafin da ya shiga. Ƙauyen da ƙarfensa ya mutu don babu mai a janareto, ko kira ɗaya ba za a ce ya katse a can ba, tunda ba a yi kiran ba. In kuma aka haɗa jiha gaba ɗaya aka raba, kiraye-kirayen Birnin Kebbi za su shanye na Shanga da Ngaski har a ga kamar komai daidai. Taswirar da ake haɗawa daga manhajojin gwajin gudun intanet ita ma ta masu manyan wayoyi ce da ke da datar ɓatarwa. Mai 'yar tocila ba ya ciki.

Don haka ku turo ma'aikata su auna kira kansa, ba gudun data kaɗai ba, da irin wayoyin da mutane ke riƙewa, a cikin ɗaki, a ranar kasuwa, da kuma damina lokacin da ruwan sama ke raunana saƙon da ƙarafa ke miƙa wa juna ta kwanukan nan na jikinsu. A fitar da sakamakon kowace ƙaramar hukuma da sunan kowane kamfani, a karanta a rediyo da Hausa da Dakarci da Zabarmanci da Fulatanci. Tun 2013 aka ba mu damar sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba, amma mutum ba zai sauya ba sai ya san wanda ya fi a garinsu.

Ban ce kamfanoni ba su da nasu uzurin ba. Galibin ƙarafan karkara da janareto da batir suke rayuwa, man gas ya yi tsada, ana sace batura da farantan sola, akwai kuma wuraren da direban mai ba zai shiga ba ko nawa za a ba shi. Masu aikin hanya su tsinka wayar ƙarƙashin ƙasa, gari guda ya ɗauke. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Madalla, sai dai takarda ba ta gadin ƙarfe. Masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru suna da hakimai da dagatai a kowane lungu. Ƙarfen da aka damƙa amanarsa ga mai gari, aka ɗauki 'yan garin gadi, aka bar musu wurin cajin waya a gindinsa, zai yi wuya wani ya taɓa shi a kwana ba a san ko wane ne ba. Ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka fara a 2024, wadda za ta ratsa Kebbi. Yanzu da ake tono ne lokacin zama da ma'aikatar ayyuka, a binne bututun waya a gefenta, a kuma nuna wa 'yan kwangila inda tsofaffin suke kafin katafila ta same su.

Inda lissafin riba ba zai taɓa kai kamfani ba, dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin irin waɗannan wurare. Muna son ganin jerin garuruwan Kebbi da ke jiran tallafin asusun, da shekarar da za a kai wa kowanne sabis. Kuma ba lalle sai kowane kamfani ya kafa nasa ba. A 2025 kun amince wa 9mobile ya hau kan ƙarafan MTN. Abin da ya yiwu don a tallafi kamfani zai yiwu don a tallafi ƙauye. Garin da ƙarfe ɗaya ne tak, a bar kowane layi ya kira ta kansa, kamfanonin su yi lissafinsu tsakaninsu. Yanzu sai ka ga manomi da sim uku a ƙulle a leda, na gida daban, na gona daban, na hanyar kasuwa daban, yana sa wa kowanne kati don kada a rufe.

A bakin iyaka, wajen Kamba da Dole-Kaina da Lolo, wani abin takaicin ne daban. Waya ta saki Najeriya ta kama sabis ɗin Nijar ko Benin, mutum yana zaune a gidan ubansa a caje shi kuɗin wanda ya fita waje, ko kira ya ƙi fita sam. Da yawa sun haƙura sun sayi layin can. A kan ruwa kuma, a wajen Wara, ba mu manta da jirgin da ya nutse a Mayun 2021 da mutane fiye da 100 a ciki ba. Ban ce sabis zai hana jirgi tsagewa ba, amma masu kwale-kwalen da za su kawo ɗauki sai sun ji labari tukuna. Ƙa'idar waya ita ce kiran gaggawa ya fita ta kowane ƙarfe da ke kusa, ko da ba na kamfaninka ba ne. A gwada lambar gaggawa 112 a tsakiyar kogin nan, a gwada a hanyar Koko zuwa Zuru, da wayar 4G da ta 2G, a ga ko yana fita, a kuma ga ko mai ɗauka yana jin Hausa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ɗanɗana rashin waya gaba ɗaya a Satumbar 2021 da aka rufe layuka saboda tsaro, har mutane suna shiga mota zuwa Funtuwa ko Sakkwato don kira ɗaya. Wancan da sanarwa aka yi shi, daga baya kuma aka buɗe. Akwai garuruwan da kullum a wannan halin suke ba tare da kowa ya ba da umarni ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali yana gaba. Duniya ta fara kashe tsofaffin hanyoyi don a ba sababbi zangonsu. Manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G a 2022. Na Ostireliya sun ƙarasa kashe tasu a ƙarshen 2024, kuma can aka ga abin lura: an tarar da wayoyin 4G masu yawa da ke yin data lafiya, wasu har da kira, amma kiran gaggawa ta 3G suke fitar da shi, har dole aka toshe su daga layi baki ɗaya. Wannan fa ƙasa ce mai arziki da ta shafe shekaru tana sanarwa. Mu kuwa alƙaluman hukumarku na 2025 sun nuna 4G ta kai kusan rabin layukan da ke aiki, 2G tana riƙe da wajen kashi 40 cikin 100, 5G ba ta kai kashi 5 ba. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya, har da Legas a ciki. Duk wanda ya shiga kasuwar ƙauye a Kebbi ya ga abin da ke hannun mutane ya san namu kason na 2G ya fi haka. Sannan rabin nan da ke kan 4G, da yawansu in kira ya zo 2G da 3G suke komawa. Lambobin tiransifa da ake dannawa da tauraro ma galibi ta can suke bi. Ke nan tsohuwar hanya ce ke ɗauke da kiran masu ƙananan wayoyi da na masu manya. Duk ranar da aka yanki zangonta aka ƙara wa 4G, hanyar kira aka matse, ko da talla ta ce an inganta sabis.

Roƙona a nan shi ne kada a bar wani kamfani ya rage ko ya kashe 2G ko 3G a wata ƙaramar hukuma sai ya nuna muku cewa kira ta 4G ya kai duk inda tsohuwar ke kaiwa, har cikin ɗaki. Kuma sai ƙaramar waya mai madannai da ke aiki da 4G ta wadata a farashin da manomi zai iya. Tsohon da bai yi boko ba ya haddace madannan wayarsa da yatsa, ya san in ya danna kaza sau kaza ɗansa na Kano zai ɗauka. Ba za ka miƙa masa ta shafawa ka ce ka taimake shi ba.

A kasuwar waya ma akwai gyara. Akwai jabun wayoyin da ke nuna 5G a fuska alhali cikinsu ko 4G babu, akwai masu tallan sitikar da wai in an manna a bayan waya sabis zai ƙaru, wadda ba ta ƙara komai. Na'urar jawo sabis da ake kafawa a kan rufi ba izini kuwa, hukumarku ta yi gargaɗi a kanta, kuma da gaskiyarku, don takan gyara gida ɗaya ta dagula unguwa. Amma ba don nishaɗi mutum ke zuba kuɗinsa a kanta ba. In za a hana, a samar wa asibitoci da makarantun kwana da manyan kasuwanni halattacciya ta hannun kamfanoni.

A Janairun 2025 kun amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, bayan kamfanoni sun nemi a ninka. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. An ce za a ga canji a ingancin aiki. Mun biya, muna kan biya, kuma farashin ɗaya ne ga mai kira a Maitama da mai kira a Bena. Kiran da ya katse aka sake bugawa, da wanda aka shafe rabin minti ana "halo, halo", duk daga katin talaka ake cira. Kuna da lambar ƙorafi, 622, amma ƙa'idarta sai mutum ya fara kai kuka wurin kamfaninsa, kuma wanda babu sabis a garinsu da me zai kira ta? Ku kawo zaman sauraron masu waya da kuke yi zuwa Zuru da Yauri da Kamba, a fili, a ranar kasuwa, injiniyoyin kamfanoni su zo da wayoyinsu a aljihu su gwada kiran ofisoshinsu a gaban jama'a. Mu masu gyara da masu caji da masu POS mun san kowane lungun da sabis ke mutuwa, da lokacin da yake mutuwa. In kun turo mutum, za mu zaga da shi.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran waya,
Jega, Jihar Kebbi.